Ba kowace ciyawar ado ce ke cinye lambu ba

Mutane da yawa da sun ji an ce ciyawar ado sai su ce a'a, ai ciyawa ciyawa ce, in ka shuka ta sai ta mamaye wajen gaba ɗaya. Gaskiya ba haka abin yake ba, ya danganta da yadda saiwarta ke tafiya.

Akwai wadda take tsayawa a dunƙule wuri guda, irin jema da lemun giras, gindin dai yana ƙara kauri a hankali amma ba ya yawo, ita jema ma saiwarta ƙasa take nitsewa kai tsaye har mita 3 ko fiye, shi ya sa take riƙe ƙasa in ruwa na zaizaya. Sai kuma mai rarrafe irin kiri-kiri da wasu nau'in gora, waɗannan su ne ke bi ta ƙarƙashin ƙasa su ɓullo tsakiyar fulawowinka.

Don haka kafin ka saya ka zare ta daga leda ka duba, in ka ga fararen jijiyoyi masu gaɓa-gaɓa suna miƙewa gefe to a tukunya za ka sa ta. Ita kuma pampas, wata doguwar ciyawar ado mai fure kamar gashin tsuntsu, ta iri take bazuwa, sai ka riƙa yanke furen kafin ya bushe.