"Ra'ayina ne" ba amsa ba ce a ranar kare kundin digiri

Lokacin kare kundin bincike ya sake zagayowa a manyan makarantun Jos, kuma wata magana da muka saba gani a Facebook da TikTok ta bi ɗalibai har gaban kwamiti. A tambayi ɗalibi inda ya samo alƙaluman babi na huɗu, wato babin sakamakon bincike, sai ya ce, "Malam, ai ra'ayina ne, kowa da tasa gaskiyar." In aka matsa masa, ya ƙara da cewa shi burinsa ya gama ya tafi bautar ƙasa. Har akwai masu kiran wannan wayewa. Ni kam lalaci nake gani.

Burin ɗalibi nasa ne. Yana son makinsa ya kai 3.50 ya fita da digiri mai daraja ta biyu babba, ko 4.50 ya samu ta ɗaya, Allah ya ba shi. Ra'ayi ma yana da hurumi, in an kafa masa hujja. Amma yawan kwandunan tumatir da ke ruɓewa a kasuwar Farin Gada kafin a sayar ba ra'ayin kowa ba ne. Abu ne da ake zuwa a ƙirga, a auna. Ɓarnar tana farawa ne ranar da ɗalibi ya bar burinsa ya zaɓa masa abin da zai kira gaskiya.

Mu ɗauka ɗalibin zai yi nazari kan 'yan kasuwa 2,000. Ƙa'idar lissafi ta Taro Yamane, wadda kusan kowane babi na uku, wato babin hanyoyin bincike, ke ɗauke da ita, ta nuna masa mutum nawa zai tambaya. Zai ninka 0.05, wato gwargwadon kuskuren da aka yarda da shi, da kansa ya samu 0.0025, ya ninka da 2,000 ya samu 5, ya ƙara 1, sannan ya raba 2,000 gida 6. Mutum 333 ke nan. Aikin makonni ne na sammako, da kuɗin mota, da haƙurin jiran dillali ya gama ciniki kafin ya saurare ka. To, sai ɗalibi ya buga takardun tambayoyin, ya tara abokan ɗakinsa uku, su cike su a dare biyu.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. An raba takarda 333, an ce duk 333 sun dawo, babu wadda aka tsallake tambaya ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa raba takarda a kasuwa ya san wasu za su ɓata, wasu a cike rabi a ajiye. Rubutun hannu iri uku, biro iri ɗaya, takardun fes kamar ba su taɓa shiga rumfar kayan miya ba. An rubuta tambayoyin da Turanci, alhali ciniki a Farin Gada da Hausa ake yi, kuma babu fassara a rataye. In aka zuba amsoshin a SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, ma'aunin Cronbach mai nuna yadda amsoshi suka yi daidai da juna, wanda 0.7 ya wadatar, sai ka ga ya haura 0.95, domin kwanya ɗaya ce ta amsa komai. A ma'aunin amsa mai mataki huɗu, daga ƙin yarda zuwa yarda, inda 2.50 ce iyakar amincewa, kowace tambaya ta tsallake, kowane hasashen ɗalibi ya tabbata. Bincike na gaskiya yakan ba mai shi kunya a wani wuri. Wanda ya yarda da kai a kan komai, da ma kai ka rubuta masa amsa.

Babi na biyu, inda ake bitar rubuce-rubucen da suka gabata, shi ma ya samu sabuwar cuta. ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira, yakan ƙago sunan marubuci da shekara da mujalla, su zo tsaf kamar gaske. Tantancewa ba ta wuce minti biyu: a kwafi taken maƙalar a saka a Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, ko a bi DOI, lambar shaidar maƙala a intanet, a ga ko tana kaiwa wani wuri. Mu da muka tashi muna jin yadda malaman hadisi ke bin isnadi mutum bayan mutum kafin su karɓi magana, abin kunya ne a ce 'ya'yanmu ba sa iya duba madogara ɗaya.

Masu cewa talauci ne, ko yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na wata takwas a 2022 ne ya gajiyar da yara, su gaya mana ko talauci ne ke riƙe wa mutum biro. Masu cewa ai kundin a kabad zai ƙare, ƙura ta rufe shi, su ne suka fi ba ni haushi. Kundin zai iya kwanciya a kabad, amma ɗabi'ar tana bin mai ita. Shi ne gobe zai rubuta adadin yaran da aka yi wa rigakafi, ko buhunan takin da aka raba wa manoman dankali a Bokkos da Mangu. Shi ne kuma zai tura saƙon murya a WhatsApp cewa an far wa wata unguwa, ba tare da ya bincika ba. Garin da ya ga rikicin Satumban 2001 da Nuwamban 2008 da Janairun 2010 ya san abin da jita-jita ke jawowa. A Jos ne za a zauna ana koya wa matasa cewa kowa da tasa gaskiyar?

Sassan karatu su daina karɓar babi na huɗu sai da ainihin takardun da aka cike da fayil ɗin alƙaluman. Malamin da ke duba aikin ya zaro takarda goma ya gwada su da abin da aka shigar a kwamfuta. Kuma in ɗalibi ya zo ya ce mutum 120 kawai ya samu cikin 333, ya faɗi dalili, ya nuna takardunsa da dattin kasuwa a jikinsu, a ba shi makin da ya fi na mai 333 na ɗakin kwana.