Weji biyu da Baban gida ya ara

Wata ƙofar lambu aka ba ni in ɗora wa baka na jan bulo, wato ginin nan mai lanƙwasa a saman ƙofa. Faɗinta santimita 120 ne, tunda kuma rabin da'ira ake so, tashinta 60. Kafinta ya yanko filawud biyu da siffar bakan, ya haɗa su da 'yan katakai don a jera bulo a kai, muka ɗora a kan sanduna, ƙarƙashin kowace sanda weji biyu, wato guntayen katako masu siririn baki, suna fuskantar juna. Amfaninsu sai bayan mako guda, in kwaɓi ya kama: a ɗan bubbuge su katakon ya sauka a hankali, ba sai an sa guduma an girgiza ginin ba.

Na kafa ƙusa daidai tsakiyar layin da bakan ke tasowa, na ɗaura igiya. Duk bulon da igiyar ba ta bi tsakiyarsa ba, a karkace yake. Zagayen ciki ya kama santimita 188, bulo mai kaurin 6.5 da kwaɓi milimita 5, ya ba ni 27: sha uku dama, sha uku hagu, ɗaya makulli, wato na tsakiya da ke kulle bakan. Ta waje kuwa kwaɓin kan buɗe ya kai milimita 16. Siminti ɗaya, yashi biyar, bulo a jiƙe don kada ya zuƙe ruwan kwaɓin. Ɗaya nan, ɗaya can, don nauyi ya zo daidai.

Ashirin da shida sun zauna. Na hau benci da makullin a hannu, yaran aikina na kallo, matar gidan ta fito da ƙawayenta, ɗaya har ta ɗaga waya. Ni kuma baki ya buɗe. Ina cikin cewa, "Hajiya, kafin wannan ya shiga, katako ne ke riƙe da komai," sai na ji ƙwas, ƙwas a ƙasa.

Baban gidan ne. Wai motarsa na gangarewa, yana neman abin tokare taya.

Ya zare weji biyun hagu, ya kakkaɓe su a cinya, ya juya abinsa. Katakon ya kwanta gefe guda kamar jakin da ya ƙi kaya. Bulo na sha uku ya fara sunkuyowa, na sha biyu ya bi shi, sauran suka taho a jere, ba gaggawa. Na kai gwiwa in tare, kwaɓi ya cika min takalmi. Na dama suka ga babu amfanin tsayawa su kaɗai. Ina tsaye a kan benci, hannu a sama, bakina bai gama rufuwa daga jawabi ba. Mai wayar ta ce, "Malam, yanzu za a sa shi?"

Wannan Baban fa tun ranar farko yake bina. Shi ya ce baka ba ya tsayuwa sai da rodi. Shi ya rataye hularsa a ƙusar tsakiya har ta lanƙwashe. Da ƙura ta lafa ya dawo, hannu a baya, ya dubi tarin ya ce, "Ɗana, ai na gaya maka sai da rodi." Na ce, "Haka ne, Baba." Me zan ce? Surukin mai gida ne.

Mun wanke bulon tun kwaɓin bai bushe ba, uku ne kawai suka fashe. Kafinta ya sake yanko weji, wannan karon na sa musu ƙusa rabi-rabi. Na farkon suna ƙarƙashin tayarsa har yanzu, jiya ma yake tambaya ko akwai ragowar filawud.