Fim ɗin da ba ya gaggawar tsorata ka

Jiya da dare na kunna wa ƙanina The Blair Witch Project a waya. Bai kai minti ashirin ba ya miƙo min ita ya ce, "Yaya, ai wannan babu komai a ciki, mutum uku ne kawai ke yawo a daji." Ya tafi ya kwanta. Ni kuwa na zauna na ƙarasa, karo na huɗu ke nan, kuma har yanzu idan aka zo wurin duwatsun nan sai tsigar jikina ta tashi.

Fim ne na 1999, aikin Daniel Myrick da Eduardo Sánchez. Ɗalibai uku, mace ɗaya da maza biyu, suka shiga dajin da ke kusa da garin Burkittsville a jihar Maryland ta Amurka, don ɗaukar shiri a kan wata mayya da mutanen garin ke ba da labarinta. Daga farko har ƙarshe ba a nuna mayyar ko sau ɗaya ba. Sun dai kwana a tanti, gari ya waye, sai ga tsibin duwatsu guda uku a gefensu. Uku, daidai yawansu. Wato cikin dare wani ya zo dab da kawunansu, ya tsuguna, ya jera duwatsu a natse, ya tafi. Kai mai kallo za ka zauna kana sassaƙa masa fuska a ranka, kuma wallahi fuskar da zuciyarka za ta ƙera ta fi duk wadda mai kwalliya zai iya shafawa muni.

Wurin da ya fi taɓa ni ma babu dare a ciki. Sun yini cur suna miƙewa kudu, da yamma suka iso wani gungumen itace da ya gitta rafi, suka duba, ashe shi ne wanda suka riga suka tsallaka a baya. Duk wanda ya taɓa yin makuwa ya san wannan yanayin, lokacin da gabas ta koma maka yamma, ƙafa na tafiya amma ba ka zuwa ko'ina. Daga nan sai rigimar da ke tsakaninsu ta ƙara tsanani. Dama tun kafin nan ɗayansu ya amsa cewa shi ya harba taswirarsu cikin rafi. Ga yunwa, ga rashin barci, kowa na ganin laifin ɗan'uwansa. Masu shirya fim ɗin da gangan suka riƙa rage wa 'yan wasan abinci a kwanakin ɗauka, shi ya sa gajiyar da ke fuskokinsu ta gaske ce.

Wannan shi ne abin da ya sa nake son irin waɗannan finafinai. Daji yana raba mutum da maƙwabci, da kasuwa, da duk wanda zai ce masa "kai, dawo hayyacinka". Ku duba The Witch na Robert Eggers, wanda ya fito a 2015. Wani magidanci ne aka kora daga garinsu a yankin New England a shekarun 1630 saboda saɓani a kan addini, ya kwashe iyalinsa ya kafa gida a bakin daji. Babbar 'yarsa na wasan rufe ido da jaririn gidan, ta buɗe ido, babu jariri. Masara ta lalace a gona. Uwa ta fara yi wa 'yar kallon mayya, ƙanne suka kama, uba kuma sai faskaren itace yake ta yi don ya rasa abin cewa. A nan an nuna mayyar, amma ni abin da ya hana ni barci shi ne yadda uwa ta juya wa 'yar cikinta baya. Mu da muka san yadda kalmar "maye" ke tarwatsa gida a ƙauye, ba ma bukatar a fassara mana.

Na yarda akwai masu jan rai na banza, a yini ana nuna bishiyoyi babu inda aka dosa. Waɗannan ni ma kashewa nake yi. Na kuma san cewa ga mutanenmu na gefen dajin Rugu ko Sambisa, tsoron daji ba abin nishaɗi ba ne, ba zan ce musu su kalla ba.

Amma ina da ƙorafi a kan finafinanmu na aljanu. Minti biyar da farawa an fito da aljana, fuska fari fat da hoda, gashi a barbaje, tana ƙyalƙyala dariya tana ɓacewa. Yara ma dariya suke yi. Alhali kakanninmu da ke mana tatsuniya sun fi mu sanin sirrin: ba sa siffanta Dodo tun farko, sai a ji motsinsa daga nesa, murya ta yi ƙasa, mu matso jikin juna. Ina ma wani darakta zai ɗauki mafarauta uku da karensu, hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, su kwana a gindin tsamiya. Da asuba su tarar kare ya ƙi haushi, ya lafe yana kallon wuri ɗaya, ga sawun ƙafa a cikin tokar wutar da suka kwana ji, kuma duk su ukun da takalmansu suka kwanta.