Ranar da babbar riga ta kusa kai ni Indiyana

Tunda Kawu ya rantse duk sallah sai ya sake tura bidiyon nan a WhatsApp, gara in ba da labarin da bakina ko na rage asara.

Babbar sallar 2023 ce, ranar Laraba 28 ga Yuni. A satin hayaƙin gobarar dazukan Kanada ya gangaro mana har jihar Illinois ta Amurka. Ranar Talata an ce Shikago na cikin biranen da iskarsu ta fi gurɓata a duniya, mu ma nan Springfield rana ta koma kamar gwaiduwar ƙwai, kana kallonta ido ba ya ko ƙiftawa. Maƙwabta kowa da takunkumi. Ni kuwa mutumin Kano, wanda hazo ya sha hana jirginsa tashi, na ce wai wannan ne abin da ake wa kururuwa?

Washegarin sallah, Alhamis, muka haɗa suya a bayan gidana. Maman yara ta miƙo min waya, wai masu hasashen yanayi sun ce hayaƙi na nan, kuma akwai hadari mai mugunyar iska a hanya. Nan fa na gyara tsayuwa gaban mutum tara na buɗe karatu. Na ce hazo da hadari ba sa haɗa hanya, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an yi ruwa ana hazo ba. Alhaji, Allah ya saka masa, ya ce, "Malam, a yi hattara. Hazonmu ƙura ce da busasshiyar iska ke kwasowa daga Chadi, shi ya sa ba ruwa. Wannan hayaƙin itace ne, kuma dubi gumin da kake yi." Gumi kuwa har ya jiƙa min wuyan riga. Amma kafin in yi tunani sai Kawu ya ɗaga murya daga kan kujera, bakinsa cike da hanta: "Faɗa musu, Malam! Turawa ba su san sama ba!"

A riƙe wannan maganar, domin yanzu cewa yake bai faɗa ba. Mutumin da ya zo hannu rabbana, ko albasa bai kawo ba, ya zauna kan kujerar da ta fi kowacce laushi, ya fara da hanta tun ba ta gama nuna ba, shi ne ya zuga ni. Bara waccan ma haka ya yi da ƙoda.

Babbar riga na saka, sabuwar shadda da aka aiko min daga gida, ta sha sitaci, don ina so a ɗauke ni hoto ina juya tsire in tura wa su Hajiya. Da yake hoton daga ƙugu zuwa sama ne, ga kuma zafi, sai na bar wandonta a ɗaki na zura jan gajeren wandon da nake ƙwallo da shi. Wa zai sani?

Kafin azahar wayoyi suka ɗauki kukan gargaɗin hadari gaba ɗaya. Yamma ta yi baƙi ƙirin. Kowa ya kwashi yara ya yi ciki. Ni na tsaya. Idan na shiga ai na ƙaryata kaina. Har na ɗaga tsinken tsire na nuna sama na ce, "Baƙin hadari ne kawai, wucewa zai yi."

Ban rufe baki ba. Iskar ba ta yi sallama ba, ta ƙasa ta shigo. Rigar ta kumbura kamar rumfar biki, hannayenta suka buɗe, na ji dugadugaina sun yi sauƙi. Hula ta tafi. Sannan rigar ta tashi gaba ɗaya ta kife a kaina, ta naɗe min fuska. To ga ni nan: daga wuya zuwa sama shadda, daga wuya zuwa ƙasa singileti da jan gajeren wando, hannuwa biyu riƙe da tiren tsire na ƙi saki. Ba na gani. Iska na tura ni gabas, ni ina tsammanin ƙofar kicin nake nufa. Na yi karo da kwandon shara, na ba shi haƙuri, don na zaci Alhaji ne. Na juya, na yi karo da shinge. A nan ne aka ji muryata cikin bidiyon. Su suna cewa "ku kama ni" na ce. Wallahi "ku kama naman" na ce. Na saurara ya fi sau ashirin, iska ce ta cinye ƙarshen kalmar.

Da na samu na zaro kai ta wuyan rigar, wa zan gani? Tsohuwar nan maƙwabciyarmu, wadda kullum nake gaisarwa da girmana, tsaye a taga ta dafe baki. A tagarmu kuma Kawu, waya a hannu, ya ma juya ta a kwance don hoton ya fi kyau. Mutum yana ganin ɗan'uwansa zai tashi sama, abin da ya dame shi kada hoto ya karkace. Maman yara ce ta fito ta jawo ni ta gefen riga kamar akuyar da ta shiga gonar mutane. Ba ta ce komai ba. Har yau ba ta ce komai ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Daga baya muka ji sunan iskar, wai derecho, kalmar Sifaniyanci ce mai nufin miƙaƙƙe, don ba ta juyi irin na guguwa, gaba kawai take yi. Ta taso ta wajen Missouri da Iowa ta ratsa mu ta shiga Indiyana, a wasu wurare gudunta ya kai kilomita 160 a awa. Itatuwa sun zube a kan tituna da motoci, wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, ga murhunmu na lantarki, ga rago guda a firji. Haka muka kwana biyu muna soya nama a kan gawayi kamar a Fagge.

Da gari ya lafa sama ta washe, hayaƙin ya ragu sosai. Na ce wa Alhaji, to ka gani, da ruwan ya zo ai hazon ya tafi, ba su zauna tare ba. Ya dube ni ya ce in miƙo masa yaji.

Hular dai ba a gan ta ba. Kawu kuma a daren ya ari kular ƙanƙarata wai zai ajiye kasonsa, ga shi har yau.