Injin da ya bar talaka ya sa masa sifana

Duk lokacin da aka tayar da hirar tsofaffin injinan Amurka, sai kowa ya ruga wajen injin Hemi na kamfanin Chrysler. Ban ƙi ba, Hemi dodo ne. Har yau motocin tseren gajeren zango mafiya gudu a Amurka, masu ƙarfin doki sama da 10,000, a kan tsarin Hemi na 1964 ake ƙera injinansu. Amma ni a wurina, uban harkar hot rod shi ne wani inji mai tarin laifi, mai saurin ɗaukar zafi, wanda Ford ya fitar a 1932, ana ce masa flathead.

Ga wanda bai sani ba, abin da Amurkawa ke kira hot rod tsohuwar mota ce da saurayi zai saya da araha, ya cire mata madigadi da bamba da duk abin da ke ƙara mata nauyi, sannan ya zauna a kan injin har sai ta yi gudun da masu ita ba su taɓa mafarki ba.

Kafin 1932, inji mai silinda takwas a jere biyu, wato V8, na masu hannu da shuni ne, irin masu hawa Cadillac da Lincoln. Henry Ford ya kafe sai an zuba gangar jikin injin a dunƙule guda, don kuɗin ƙira ya sauko. Aka sha wuya, aka yi asarar ƙarfe mai yawa, amma aka yi. Lita 3.6, doki 65. Aka yi ta buga shi miliyoyi har 1953. Shi ya sa da motocin suka tsufa, yaron da ke aiki a gidan mai ma yana iya zuwa wajen masu sayar da gwangwan ya ɗauko guda.

Laifinsa kuwa a fili yake. Bawul ɗinsa a cikin gangar jiki suke, gefen silinda, kan injin kuma faifan ƙarfe ne kawai shimfiɗaɗɗe, shi ya sa ake ce masa flathead. Iska ba ta shiga yadda ya kamata. Hayaƙi mai zafi sai ya ratsa ta cikin gangar kafin ya kai salansa, yana dafa ruwan lagireto a hanya. To wannan rauni shi ne ya buɗe wa mutane ƙofa. Vic Edelbrock, makaniki a Los Angeles, ya ƙera mazaunin da ke ɗaukar kafireta biyu maimakon ɗaya, ya gwada a motarsa ta 1932, mutane suka gani suka fara saye. Ed Iskenderian ya shiga gyaran kamshaf don bawul ya daɗe a buɗe. Zora Arkus-Duntov da ɗan'uwansa suka fito da kan inji na Ardun a 1947, wanda ya mayar da bawul sama gaba ɗaya. Kamfanonin Edelbrock da Iskenderian suna nan har gobe, kuma daga ƙaramin gareji suka tashi.

Filin gwajinsu busassun tafkuna ne a hamadar Mojave ta Kaliforniya, Muroc da El Mirage. Tun 1937 suka kafa ƙungiyar auna gudu, SCTA. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, samari suka dawo gida da sanin walda da inji. Bill Burke ya ɗauki tankin man jirgin yaƙi, ya sa masa taya da flathead, ya shiga ciki ya tuƙa. Wannan abu yana taɓa min zuciya duk lokacin da na ga hotonsa. Mujallar Hot Rod ta fito a Janairun 1948, SCTA ta fara auna gudu a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah a 1949, Wally Parks ya kafa NHRA, ƙungiyar tseren hot rod ta ƙasa, a 1951 don a raba yara da tsere a kan titi.

Hemi na farko ma a 1951 ya zo, da doki 180. Sai dai nauyi ne da shi, ga tsada. Wanda ya karɓi sarauta da gaske shi ne ƙaramin V8 na Chevrolet na 1955, lita 4.3, aikin Ed Cole da mutanensa. Kuma ba a banza ba. Duntov, wanda a lokacin ya koma Chevrolet, ya rubuta wa manyansa takarda a 1953 yana faɗa musu cewa duk samarin nan hankalinsu na kan Ford, in ana son su sai an ba su inji da kayan ƙara ƙarfi. Suka ji. Injin ya zo da rashin nauyi, da araha, kayansa na shiga juna daga wannan shekara zuwa waccan. A 2011 aka ƙera na miliyan 100 a zuriyarsa.

Na yarda injin Chevrolet ɗin nan ya fi flathead ta kowace fuska da za a iya aunawa. Amma wallahi raina yana ɓaci idan na ga Ford ta 1932 an buɗe bonet, sai ga Chevrolet 350, ɗaya daga zuriyar ƙaramin V8 ɗin nan, a ciki, kuma su ne suka fi yawa a yanzu. Da Allah zai mallaka min irin wannan mota, flathead zan mayar mata, da kafireta Stromberg 97 guda uku a jere a samansa, in riƙa tafiya da jarkar ruwa a bayan kujera.