Ba a yi wa wardi mai hawa ƙwal-kwabo

Mutane da yawa sun ɗauka duk furen wardi iri ɗaya ake datse shi, wai ka sa almakashi ka rage shi ya dawo iya gwiwa sai ya fi yin fure. Wannan na gajeren wardi ne. Shi mai hawa katanga in ka yi mai haka ka gama da shi na wannan shekarar, wallahi har tausayi yake ban in na gani.

Manyan rassan nan dogaye da suka taso daga gindi su ne jarin shukar, ba a taɓa su sai wanda ya bushe ko ya tsufa ya daina aiki. Ƙananan da ke fitowa a jikinsu su ake ragewa, ka bar ido, wato ɗan kumburin da sabon toho ke fitowa, 2 ko 3, ka yanka a karkace ɗan sama da idon. Shekara 2 na farko ma ƙyale shi ya yi ƙarfi tukuna.

Sannan shi ba ya kama bango da kansa kamar yadda ake zato, ƙayarsa ce kawai ke ɗan sarƙewa, kai za ka ɗaure shi da tsumma ko igiya mai laushi, kuma dan Allah kar ka miƙar da reshen sama sak, kwantar da shi gefe, don in ya miƙe furen can ƙoli kaɗai zai taru ƙasa ta zama fayau, in ya kwanta kuwa kusan kowane ido sai ya yi toho. Irin da ke fure sau ɗaya a shekara kuma sai ya gama furen ake datse shi.