Katin inshorar lafiya ba ya nufin magani kyauta

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar sun biya kuɗin inshorar lafiya, duk abin da asibiti ya caje su kamfanin inshora ne zai biya. Ba haka ba ne. Kuɗin da kake zubawa na shiga tsarin ne. Abin da za a biya maka yana cikin takardar yarjejeniya, wadda galibi ba a buɗewa sai ciwo ya kwantar da mutum.

A wasu tsare-tsaren akwai adadin da sai ka fara biya daga aljihunka kowace shekara kafin kamfani ya fara biyan nasa. Bayan nan ma ana iya raba kuɗin: in rabonka kashi 20 cikin 100 ne, kai za ka cika shi.

Inda aka fi shan mamaki shi ne batun izini. Tiyatar da ba ta gaggawa ba, ko hoton MRI (hoton cikin jiki da wata na'ura ke ɗauka), sau da yawa sai asibiti ya nemi amincewar kamfani tukuna. In aka yi aikin babu lambar izini, kamfani na iya ƙin biya, ko da aikin yana cikin abin da ya yarda da shi. Haka ma in ka je asibitin da ba ya cikin jerin asibitocin da kamfani ya amince da su. Magunguna ma da nasu jerin: likita ya rubuta mai tsada, inshora ta amince da makamancinsa mai rahusa, cikon naka ne.

Haihuwa kuwa, da ciwon da kake da shi kafin ka shiga, wasu tsare-tsaren sai ka jira watanni kafin su fara biya.